Yayin dashen haƙori: ba kowane giɓi ne ke karɓar dashe ba

Idan kana yawan leƙa TikTok ko Instagram, da wuya a ce ba ka ci karo da tallar nan ba. A nuno mutum da baki duk giɓi, a juya hoto, sai ga shi yana murmushi da haƙora farare fat, a jere reras. A ƙasa kuma a rubuta cewa cikin kwana uku ko biyar za a gama komai, har da masauki da motar ɗauka daga filin jirgi. Wasu tallolin daga Istanbul suke fitowa, wasu daga Alƙahira ko Dubai, wasu kuma daga asibitocin kuɗi na manyan biranenmu.

Abin da ake tallatawa, wato dashen haƙori, aiki ne na gaske wanda ilimi ya tabbatar da amfaninsa. Ya mayar wa miliyoyin mutane tauna da fara'a. Matsalar ita ce talla tana nuna maka ƙarshen aiki, ta ɓoye maka tambayar da ake farawa da ita: shin wannan bakin, a jikin wannan mutumin, a wannan lokacin, zai karɓi dashe? Likitan da ya san aikinsa amsa uku yake da su. Ko ya ce e, ko ya ce a'a, ko ya ce tukuna. Mutane da yawa cikin masu neman dashe amsa ta uku ce ta dace da su, kuma ita ce ba za ka taɓa ji a bakin mai talla ba.

Me ya sa maganar ta taso yanzu?

Rashin haƙori ba ƙaramin al'amari ba ne a duniya. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a watan Nuwamban 2022 ya ƙiyasta cewa mutum biliyan 3.5 ne ke fama da cututtukan baki, kuma uku cikin huɗu daga cikinsu a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi suke zaune. Hukumar ta ce kusan kashi 23 cikin 100 na waɗanda suka kai shekara 60 ba su da haƙori ko ɗaya a baki. Inda buƙata ta kai haka, dole kasuwa ta buɗe, kuma ta buɗe.

Ƙasashen da suka riga mu shiga yayin sun fara ganin abin da ya biyo baya. A 2022 Ƙungiyar Likitocin Haƙori ta Birtaniya ta ji ra'ayin mambobinta kusan dubu ɗaya, sai fiye da kashi 80 cikin 100 suka ce sun yi jinyar mutanen da suka samu matsala bayan an yi musu aikin haƙori a ƙasar waje. Dashe da hular haƙori su ne a sahun gaba wajen buƙatar gyara. A ƙarshen 2024 kuma, wani binciken haɗin gwiwa na gidan talabijin na CBS da kafar KFF Health News a Amurka ya kawo koken ƙwararrun likitoci cewa ana cire wa mutane haƙoran da za a iya yi wa magani, domin kawai a sayar musu da dashe.

A wurinmu akwai ƙarin dalilin yin hattara. Kayan dashe duk daga waje ake shigo da su, don haka farashinsu yana bin dala, kuma kowa ya san inda naira ta kwana tun daga tsakiyar 2023. Kuɗin dasa haƙori ɗaya tak ya ninka mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 sau da yawa, kuma inshorar lafiya ta ƙasa ba ta biyan sa. Wanda ya yi kuskuren zaɓi a nan, daga aljihunsa zai biya aikin, daga aljihunsa kuma zai biya gyara.

Mene ne ainihin dashen haƙori?

Da farko kada ka haɗa shi da haƙorin Makka. Shi wannan hula ce ta zinare ko azurfa da ake sa wa haƙorin da yake nan da saiwarsa. Kada kuma ka haɗa shi da haƙorin roba da ake cirewa da dare a sa a kofi.

Dashe kashi uku ne. Akwai wata 'yar ƙusa mai murɗi irin na noti, wadda yawanci da ƙarfen taitaniyom ake ƙera ta. Ita ake huda ƙashin muƙamuƙi a ɗaura, ta zama madadin saiwar haƙori. Akwai mahaɗi da ke hawa kanta ya leƙo ta cikin dasashi. Sai kuma kan haƙorin, wanda ake yi da wani irin tangaran mai ƙarfi, shi ne mutane ke gani.

Sirrin aikin yana tsakanin ƙarfe da ƙashi. A 1952 wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Per-Ingvar Branemark, ya sa wata 'yar na'urar taitaniyom a ƙashin ƙafar zomo domin nazarin gudun jini. Da ya zo cire ta sai ya tarar ƙashi ya kama ta gam. A 1965 ya yi wa mutum na farko dashe, wani mai suna Gosta Larsson, wanda ya rayu da dashensa shekara 40 har ya rasu a 2006. Duniya ba ta rungumi aikin sosai ba sai bayan wani taro da aka yi a Toronto ta Kanada a 1982.

Abin lura a wannan tarihi shi ne, likita yana sa ƙusa ne kawai, jikinka ne ke riƙe ta. Ƙashi yana buƙatar kimanin wata uku zuwa shida kafin ya kama ƙarfen, kuma muƙamuƙin sama ya fi na ƙasa jinkiri domin ƙashinsa ya fi laushi. Idan an zaɓi mutumin da ya dace, fiye da dashe 9 cikin 10 suna kai shekara goma suna aiki. Duk binciken da likita zai yi maka kafin aiki, ƙoƙari ne na gano ko jikinka zai iya nasa rabon.

Tambaya ta farko: haƙorin ya mutu da gaske?

Idan haƙorin ya riga ya fita, wannan tambayar ba taka ba ce. Amma idan yana nan, yana ciwo ko ya yi kogo ko ya ɗan gutsure, aka ce maka a cire a dasa sabo, to dakata.

Haƙorin da Allah ya halitta maka yana da abin da dashe ba shi da shi. Tsakanin saiwarsa da ƙashi akwai wasu siraran zaruruwa da ke rage ƙarfin tauna, su sanar da ƙwaƙwalwa idan ka ciji tsakuwa a cikin shinkafa, su kuma taimaka wajen tare ƙwayoyin cuta. Dashe manne yake da ƙashi kai tsaye, babu wannan kariya. Haƙori mai kogo ana yi masa ciko. Wanda ruɓa ta kai wa jijiya ana wanke cikin saiwarsa a cike, a sa masa hula, ya ci gaba da aiki shekara da shekaru. Wanda ke girgiɗi saboda ciwon dasashi sau da yawa yana tsayawa idan aka yi maganin dasashin.

Ana haƙura da haƙori ne idan saiwarsa ta tsage a tsaye, ko ruɓa ta ci shi har ƙasa da bakin ƙashi, ko ƙashin da ke riƙe da shi ya kusa ƙarewa. Cire haƙori ba a dawo da shi. Duk wanda ya ce zai cire maka haƙora da yawa a zama ɗaya ya jera maka sababbi, ka nemi hotunan da ya ɗauka, ka kai wa wani likitan da ba shi zai yi aikin ba, ka ji ta bakinsa.

Dasashi: cutar da ta ci na farko tana jiran na biyu

Ka tambayi kanka abin da ya fitar da haƙorin tun farko. Matashin da ya rasa haƙoran gaba a hatsarin babur, sauran bakinsa lafiya lau, lissafinsa daban. Dattijon da haƙoransa suka riƙa girgiɗi suna zubewa ɗaya bayan ɗaya, lissafinsa daban. Shi na biyun ciwon dasashi ne ya cinye ƙashin da ke riƙe da su, kuma ƙwayoyin cutar suna nan a bakin ba su je ko'ina ba.

Alamomin ciwon sanannu ne, mu ne muka raina su: jini idan ana goge baki ko ana asuwaki, warin baki da ba ya jin man goge baki, dasashi ya janye har saiwa ta bayyana, wani lokaci mugunya. Dashe ba ya ruɓewa, gaskiya ne, amma dasashi da ƙashin da ke kewaye da shi suna kamuwa. Ciwon yana farawa da kumburi, ya gangara ya zaizaye ƙashi har ƙusar ta saki. Nazarce-nazarcen da aka tattara sun nuna kusan mutum ɗaya cikin biyar na masu dashe yana haɗuwa da wannan zaizayar, kuma wanda ya taɓa fama da ciwon dasashi ya fi kowa shiga hatsari. Abin takaici, sau da yawa ba ta ciwo sai ta yi nisa, maganinta kuma ya fi na haƙorin asali wuya.

Saboda haka mai ciwon dasashi amsarsa tukuna ce. A wanke dauɗar da ta daskare a gindin haƙora, a yi maganin dasashin, a jira watanni a ga jini ya tsaya kuma mutum ya riƙe tsafta, sannan a yi maganar dashe. Yin sa kafin haka gini ne da tubalin toka.

Ƙashi: akwai wurin da ƙusa za ta zauna?

Ƙashin muƙamuƙi yana rayuwa ne da aikin tauna. Da zarar an cire haƙori sai wurin ya fara shanyewa. A shekarar farko kaɗai fāɗinsa yana iya raguwa da kusan rabi, kuma mafi yawan raguwar a wata ukun farko take faruwa. Wanda ya shekara goma da giɓi, ko ya daɗe yana sa haƙorin roba, ƙashinsa ba irin na wanda aka cire wa bara ba ne.

Ƙusar dashe yawanci kaurinta kusan milimita 4 ne, tsawonta kuma 8 zuwa 13, kuma dole ƙashi ya lulluɓe ta ta kowane ɓangare. Sannan akwai maƙwabta biyu da ake tsoron taɓawa. A muƙamuƙin ƙasa akwai jijiyar da ke ba leɓe da haɓa ji. Idan aka huda ta, leɓe yana iya sagewa na watanni, wani lokaci har abada, shi ya sa ake barin tazarar aƙalla milimita 2 tsakaninta da ƙusa. A muƙamuƙin sama, ta wajen turame, akwai kogon iska da ke gefen hanci, wanda ke ƙara saukowa idan haƙori ya daɗe da fita.

Ido ba ya ganin waɗannan abubuwa. Hoton baki na gama-gari yana nuna tsawon ƙashi, amma ba ya nuna kaurinsa. Hoton da ake kira CBCT shi ne ke nuna ƙashin ta kowace fuska. Idan ƙashi ya gaza, ana iya yin ƙari, ko dai da wanda aka ɗebo daga jikinka, ko na dabba da aka tace, ko na haɗi. Mafi yawan na dabba daga saniya ake samu, amma akwai kayan da ake yi daga alade, musamman fatar da ake lulluɓe ƙarin da ita, don haka haƙƙinka ne ka tambayi asalin abin da za a sa maka. Ƙarin ƙashi yana ƙara kuɗi, yana kuma ƙara watannin jira. Wanda ya yanke maka farashi da rana ta WhatsApp, daga hoton da ka ɗauka da waya, bai ga ƙashinka ba.

Sauran jiki: nan likitanka na yau da kullum ke shigowa

Dashe tiyata ce, ko da yake ƙarama ce kuma da allurar kashe zafi ake yin ta. Duk abin da ke hana rauni warkewa yana shafar ta.

Ciwon suga. Mai sugan da ke kan magani, wanda sugansa ya daidaita, dashensa yana kamawa kusan kamar na kowa. Wanda sugansa ke sama, rauninsa yana jinkirin warkewa kuma ƙwayoyin cuta sun fi samun sa. Awon yatsa na safiya ɗaya bai isa ba. Gwajin HbA1c ake so, wanda ke nuna yadda sugan ya kasance a wata biyu zuwa uku da suka wuce. Ƙasa da kashi 7 shi ne abin nema, idan kuma ya haura 8 likitoci da yawa suna ɗage aikin. Ka tuna cewa a Afirka fiye da rabin masu ciwon suga ba su san suna da shi ba. Idan ka haura arba'in kuma haƙoranka suna girgiɗi, ka yi gwajin ko da ba ka jin komai.

Taba. Hayaƙi yana matse ƙananan hanyoyin jini na dasashi, ya rage iskar da rauni ke buƙata. Hatsarin faɗuwar dashe a bakin mai shan sigari ya kai kusan ninki biyu na wanda ba ya sha. Shisha ba ta kuɓuta ba, haka tabar da ake ƙunsawa a leɓe. Mafi ƙarancin abin da ake nema shi ne a daina mako ɗaya ko biyu kafin aiki da wata biyu bayansa, amma wanda ya koma ya mayar da hatsarin.

Magungunan ƙashi. Akwai magungunan da ake ba masu zaizayar ƙashi, galibi mata bayan ɗaukewar al'ada, da masu cutar kansa da ta shiga ƙashi, irin su Fosamax da Zometa da Prolia. Tun 2003 aka gano cewa wasu masu amfani da irin waɗannan magunguna, idan aka taɓa musu ƙashin muƙamuƙi, wurin yana ƙin warkewa har ƙashin ya mutu. Hatsarin kaɗan ne ga mai shan ƙwaya saboda zaizayar ƙashi, amma babba ne ga mai karɓar allurar saboda kansa, kuma shi ba a yi masa dashe. Wasu daga cikin magungunan suna zama a ƙashi shekaru bayan an daina, don haka ko ka daɗe da bari, ka faɗa.

Gashin kansa. Wanda aka taɓa yi wa gashi a kai ko wuya, jinin da ke isa muƙamuƙinsa ya ragu. Irin wannan sai a babban asibiti, da shawarar likitan kansa.

Zuciya da hawan jini. Wanda ya samu bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki kwanan nan, ana jinkirta masa, galibi wata shida. Idan awon jini ya kai 180 bisa 110, ba a aiki a ranar. Mai shan maganin tsinka jini, irin su wafarin ko asfirin, ya sanar da likita, kuma kada ya kuskura ya dakatar da shi da kansa, domin hatsarin dainawa yakan fi na zubar jini.

Sikila. Wannan tamu ce, domin babu ƙasar da ta kai Najeriya yawan masu ita. Ƙashin mai sikila ya fi saurin kamuwa da ƙwayoyin cuta, kuma wahalar tiyata tana iya tayar masa da ciwo. Ba a yanke hukunci sai da likitan jininsa.

Juna biyu da ƙanjamau. Mai ciki ta bari sai ta haihu, domin dashe ba aikin gaggawa ba ne. Mai ƙanjamau da ke shan magani, wanda ƙwayar cutar ta kwanta a jininsa, ana yi masa dashe lafiya.

Shekaru. Tsufa ba ya hanawa. Dattijo mai shekara 75 da ke cikin ƙoshin lafiya ya fi ɗan shekara 40 mai suga da sigari dacewa. Ƙuruciya ce ke hanawa. Dashe ba ya motsawa tare da muƙamuƙin da ke girma, don haka idan aka sa wa yaro, haƙoran gefe za su ci gaba da fitowa su bar shi a nutse. Sai girma ya tsaya, wato daga shekara 18 zuwa sama, ga maza ma wani lokaci sai an haura 20.

Ka lura cewa kaɗan ne daga cikin waɗannan ke rufe ƙofa gaba ɗaya. Suga yana daidaituwa, taba ana dainawa, ciki ana haihuwa, yaro yana girma. Abin da ke jawo nadama shi ne ɓoye wa likita gaskiya don gudun kada ya ce a jira.

Hali da aljihu

Ranar da aka ɗaura maka haƙori, aikin likita ya ragu, naka ya fara. Dashe yana son buroshi sau biyu a rana da ɗan ƙaramin buroshin da ke shiga tsakanin haƙora. Asuwaki yana da amfani, amma ba ya isa lungun da ke gindin dashe. Yana son ka koma a duba shi a wanke duk wata shida, ko ƙasa da haka idan ka taɓa ciwon dasashi. Tun da ba shi da zaruruwan da ke gargaɗi, fasa ƙashi da tauna ƙanƙara da buɗe kwalbar lemo da haƙori suna iya fasa tangaran ko su karya notin ciki. Mai cizon haƙora cikin barci sai an yi masa robar da zai riƙa sawa da dare.

A ɓangaren kuɗi, ka tambaya ko farashin da aka faɗa maka ya haɗa da hoto da ƙarin ƙashi da mahaɗi da kan haƙorin, domin wasu kuɗin ƙusa kaɗai suke faɗa a talla. Ka kuma sa a ranka cewa kan haƙorin yakan buƙaci canji bayan shekara 10 zuwa 15, ko da ƙusar tana nan daram. Idan biyan kuɗin aikin zai bar ka ba ka da na komawa dubiya, lokacin bai yi ba.

To batun fita waje fa?

Turkiyya da Masar da Indiya suna da ƙwararrun likitocin haƙori da kayan aiki na zamani, kamar yadda suke da 'yan kasuwa masu neman ciniki. Babbar matsalar ita ce lokaci. Ƙashi ba ya bin ranar da ke kan tikitin jirgi. Gaskiya ne akwai yanayin da ake sa ƙusa a ɗora haƙori a rana ɗaya, amma wannan haƙorin na wucin gadi ne, kuma sai ga wanda ƙashinsa ya riƙe ƙusar da ƙarfi tun daga farko. Na dindindin sai bayan watanni. Wato tafiya biyu ce aƙalla, kuma sauri ya haifi nawa.

Sai kuma tambayar wanda zai duba ka idan wurin ya kumbura bayan ka dawo Kano ko Damagaram. Kamfanonin dashe suna da yawa, irin su Straumann da Nobel Biocare da Osstem, kuma kowanne da irin notinsa da mabuɗinsa. Idan aka sa maka samfurin da babu kayansa a ƙasarka, ƙaramin gyara zai zama tafiya. Ko a gida ko a waje aka yi maka, kada ka baro asibiti sai da takarda mai ɗauke da sunan kamfanin da girman ƙusar da lambarta, da kwafin hotunanka. Ka kuma fara ganin likitan haƙori a gida kafin ka tafi, domin shi za ka koma wa.

Idan aka ce bai dace da kai ba

Ba a rasa mafita. Akwai gada, inda ake ɗan fere haƙoran da ke gefen giɓi a rataya sabon a kansu. Tana da kyau musamman idan haƙoran gefen da ma suna buƙatar hula. Akwai gada mai manne, wadda ba ta buƙatar fira sosai, kuma ta dace da matashin da ya rasa haƙorin gaba ɗaya yana jiran girmansa ya tsaya. Akwai haƙorin roba, wanda ya fi sauƙin kuɗi kuma ba ya buƙatar tiyata. Ga wanda ya rasa haƙoran ƙasa duka, ƙusa biyu kacal da za su riƙe haƙorin roba suna canza rayuwa, kuma tun 2002 wani taron ƙwararru a Jami'ar McGill ta Kanada ya ba da shawarar a ɗauki wannan a matsayin zaɓin farko.

Akwai kuma barin giɓin. Ba kowane haƙori ne dole a maye gurbinsa ba. Mutum mai haƙora 20 masu lafiya, waɗanda na sama ke haɗuwa da na ƙasa, yana tauna abinci yadda ya kamata. A kan wannan ne Japan ta kafa wani shiri a 1989 na ganin mutum ya kai shekara 80 da haƙora 20 nasa na kansa. Turmin ƙarshe da ya fita a can ƙurya sau da yawa ba ya buƙatar komai, sai dai likita ya riƙa lura kada na gefe ya karkata ko na sama ya zazzago.

Abin da za ka tambaya kafin ka amince

Ka tabbatar wanda zai yi aikin likitan haƙori ne mai rajista da hukumar MDCN idan a Najeriya kake. Mai haɗa haƙorin roba da mai wankin haƙori ma'aikata ne masu muhimmanci, amma huda ƙashi ba aikinsu ba ne. Asibitocin koyarwa, irin su na Malam Aminu Kano da na Shika da na Sakkwato da na Maiduguri, suna da sassan haƙori inda za ka iya neman ra'ayi na biyu. Idan ka zauna da likita, ka tambaye shi:

1. Za a iya ceto haƙorin nan? Idan ba za a iya ba, nuna mini dalili a hoto.
2. Yaya lafiyar dasashina, kuma ƙashina ya isa?
3. Wane gwajin jini kake so in yi?
4. Wane zaɓi nake da shi ban da dashe?
5. Wata nawa aikin zai ɗauka, kuma nawa ne jimillar kuɗinsa?
6. Idan ƙusar ba ta kama ba, wa zai ɗauki nauyin sakewa?

Ka tafi da duk magungunan da kake sha a leda, har da na gargajiya. Likitan da bai tambaye ka suga ko taba ko magani ba, ya wuce kai tsaye zuwa farashi, ka yi masa godiya ka nemi wani. Bayan aiki kuma, idan leɓenka bai dawo da ji ba har washegari, ko kumburi ya ƙaru bayan kwana uku, ko ka ga mugunya, ko ka ji dashen yana motsi, ka koma a ranar.

Idan an duba ka an ce tukuna, ka karɓe ta hannu bibbiyu. Ka yi amfani da watannin jiran ka daidaita suganka, ka rabu da taba, ka yi maganin dasashi. Ko ka dasa daga baya ko ka fasa, haƙoran da suka rage maka su ne za su fara cin moriya, kuma su ba ka biya ko sisi ba aka ba ka su. Allah ya ƙara mana lafiya.